Rariyar Gidan Inna Hajo

Ku yaran yanzu, in kun ga an aiko kirana duba gidan da za a saya, na ɗauki sandata na tafi, na dawo da goro a kumatu, sai ku riƙa ƙifta wa juna ido wai tsoho ya samu cin banza. A ganinku zagaye ne kawai, a ƙwanƙwasa nan, a leƙa can, a ce ya yi ko bai yi ba. To ku gyara zama ku ji. Aza tubali kowa ya iya in an nuna masa, har wancan na bayanku da ke gini kamar yana fushi da bango. Amma ka tsaya tsakanin mai sayarwa da mai saye, wannan yana so ka makance, wancan yana so ka ga abin da babu, kowa ya zuba wa bakinka ido, wannan aikin ba a hannu yake ba. Na yi shi daga Runka zuwa Safana, daga Safana zuwa Batsari, har furfura ta cim mini a kan soron mutane.

A Runka aka haife ni, kuma a hannun kawuna Barmo magini na tashi. Shekarun farko ko bango ban taɓa ba. Aikina in haƙo jar ƙasa, in zuba mata ruwa da ciyawa da kashin doki, in shiga da ƙafa in yi ta tattakawa har ta ruɓa ta yi danƙo. Daga nan aka ƙara mini girma na koma curin tubali, sannan jefa wa Kawu shi yana zaune a kan bango ya raba ƙafafu. In na jefa ya karkace ba ya faɗa, sai ya janye hannu ya bar shi ya faɗo kusa da yatsuna. Ranar da ya fara tafiya da ni duba gida, wani soro ne a bakin kasuwa. Ya ce in hau, na hau, na dudduba na ce lafiya lau. Ya ce in tuɓe takalmi in sake. Da na taka da tafin ƙafa sai na ji wani wuri yana ɗan lotsawa ƙarƙashin diddigena, kaɗan ƙwarai. Ya ce, "To nan gara ta gama da azara. Ido baƙo ne bisa soro, diddige shi ne ɗan gari." Tun ranar ban sake hawa rufin kowa da takalmi ba.

Ku fara sanin abin da ake saya. Ƙasa ba ta sayarwa ba ce, ta sarki ce, mai gari ke riƙe masa da ita, kuma sai ya yarda da mutum zai zauna. Abin da ake ba da wuri, kuɗin lokacin, a kansa shi ne gini: bango, azara, ƙyaure, rumbu, da itacen da aka dasa a ciki. Shari'a kuwa ta ce aibin da ya riga ciniki na mai sayarwa ne, ko ya gyara, ko ya rage, ko a mayar masa da kayansa. Wanda ba ya son ganin zauren alƙali sai ya kira magini tun kafin a ce an sallama. Wanda ya ƙi kira ya yi cinikin biri a sama, kuma damina za ta gaya masa.

Kayan duba ba su da yawa. Sanda ta ƙirya, wadda nake bugun bango da ita: bangon kirki amonsa a dunƙule yake, wanda ya rabu da yaɓensa kuwa yana amsawa kamar ƙwaryar da babu kome a ciki. Basilla, wadda nake cusa wa bakin azara inda ta shige bango, domin a nan gara ke fara cinta. Azarar namijin giginya basilla ba ta shigarta, ta macen kuwa tana nutsewa. Sai tulun ruwa, wanda a gidan nake ara. Nakan tsaya a tsakiyar gida in juye shi, in bi ruwan a hankali in ga inda zai nufa. Mai gida na iya rantse maka cewa gidansa ba ya kwana da ruwa, amma ruwan bai san an yi rantsuwa ba, inda ya saba bi nan zai bi. Sauran kayan a jikina suke, hanci da diddige.

Wani falke a Safana ya kira ni in duba gidan da zai sayar, yana ta washe baki. Tun daga zaure na ji warin ɗanyar makuba, wato yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Bango guda ɗaya tak aka shafe, yana ta ƙyalli, sauran duk sun yi fari da rana. Na ce masa bangon nan wace Salla zai je shi kaɗai? Na sa farce na ɓanɓare, sai ga tsaga da hannun yaro zai shiga. Bai yi fushi ba, dariya ya yi, ya ce ai gwada ni yake. Masu saye ma ba waliyyai ba ne. Akwai wanda ya so a rage masa saboda jemagu suna kwana a shigifa, na ce masa jemage ba aibi ba ne, shaida ce cewa ɗakin ba ya yoyo. Akwai wanda ya ja ni gefe ya danna mini goro, wai in ce rumbu ya tsage. Na ci goron na ce rumbu lafiyarsa ƙalau. Magini da ya sayar da bakinsa sau ɗaya, ba za a ƙara kiransa ba sai dai kwaɓa ƙasa.

Muguwar shekararmu ita ce wadda harin Maraɗawa ya yi yawa. Ƙauyuka suka watse, mutane suka kwaso 'ya'ya da awaki suka cusu a garuruwan da ke da ganuwa. Ba mai gina soro, domin wa zai aza azara bai san inda zai kwana gobe ba? Na koma yaɓen rumbuna ana biyana da dawa, wata rana ma da tuwo kawai. A shekarar na ga yadda gidan da babu kowa ke mutuwa. Ganye ya toshe indararo, ruwa ya kwanta a rufi, ciyawa ta tsiro, azara ta jiƙe, sai ɗaki ya durƙusa. Awaki su shiga su ƙarasa. Damina ɗaya ta isa ta mayar da gidan mutum kango, har ka tsaya ka kasa gane inda gadonsa yake. Gidan ƙasa hannu yake ci kullum, in hannu ya ɗauke ya tafi.

Bayan wannan shekarar ne, da bazara, gajimare sun fara haɗowa ta gabas, wani mahauci mai suna Jatau ya zo ya same ni a Batsari. Yana cikin waɗanda hari ya koro. Shi da matarsa da 'ya'yansu ƙanana suna raɓe a wata bukka a gefen kasuwa, kuma ya rantse ruwan bana ba zai same su a can ba. Gidan da ya samu na wata tsohuwa ne, Inna Hajo. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, 'yarta guda tana aure a Safana, kuma surukinta zai zo ya tafi da ita kafin shuka. In ta tafi gidan bai samu mai shiga ba, kun dai ji abin da damina ke yi. Jatau ne kaɗai ya taya, domin a lokacin mai wuri a hannu ya yi ƙaranci. Ƙanen mijinta, Baba Ilu, shi ne wakilinta a cinikin. Ita tana cikin ɗakinta bayan asabari, tana jin duk abin da ake yi.

Gida ne na mutumin da ya san darajar gida. Na hau soro na taka ko'ina, ban ji lotsi ba. Azara namiji ce, basilla har lanƙwasa ta yi. Zauren ba abin da za a ce. Sai da na juye tulun ruwa a tsakar gida na ga abin da ban gane ba. Ƙasar ta gangara ne zuwa kusurwar gabas, ta bayan ɗakin tsohuwar, ruwan kuwa ya miƙe can yadda ya kamata. Kafin ya kai sai ya ci karo da wani ɗan dakali da aka gina aka tare masa hanya. Ya juya dole, ya bi gindin ɗakin tun daga wannan gefe har wancan yana lasar bango, sannan ya fita ta wata rariya ta kudu, wato kafar da ake bar wa ruwa a gindin katanga. Na durƙusa na duba gindin ɗakin. Yaɓe ne a kan yaɓe, na shekara da shekaru, wani ya yi ta toshe ɓarnar da ruwa ke yi, amma na ƙarshe ya kwana biyu. Na buga sanda, bangon ya amsa da muryar da ba na so. Na fita na zagaya ta waje, sai ga tsohuwar rariya a daidai kusurwar gabas, an cusa mata dutse an liƙe da ƙasa.

Muka zauna a inuwar rumfa, kusa da ƙofar ɗakin. Jatau ya ce, "Magini, mi ka gani?"

Na ce, "Soro da zaure ba su da magana. Ɗakin ga na gabas ne ruwa ya ci gindinshi. Bana za shi kai, baɗi ban ɗaukar maka alkawari."

"Maganin fa?"

Na ce hanya biyu ce. Mai sauƙi, a rushe ɗan dakalin, a buɗe tsohuwar rariya, ruwa ya bi inda Allah ya gangarar da shi, kafin azahar an gama. Mai wuya kuwa, a kwaso marmara, jar tsakuwar nan, da jakuna a cike tsakar gida, a juya gangaren ya koma yamma, a daɓe, a fasa sabuwar rariya kusa da zaure. Ko wace aka bi, sai an sake ɗaure gindin ɗakin da dutse da tubali.

Baba Ilu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To ai abin ya zo da sauƙi. A buɗe tsohuwar rariyar, mu mu biya."

Daga bayan asabari aka ce, "Ba a buɗe ta."

Baba Ilu ya juya ya ce, "Yaya Hajo, kin kau ji abin da magini ya ce? Waccan hanyar aikin jakuna ce, ina munka ga abin biya?"

Ta ce, "A ɗauki tasoshina. A ɗauki akuyar. Rariya dai ba a buɗe ta, Ilu."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tambaye ta dalili, ta ƙi faɗa. Jatau ya miƙe ya yafuto ni zuwa zaure, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Magini, tsohuwar da za ta ba da tasoshin aurenta don kar a taɓa taki guda na ƙasa, akwai abin da anka binne wurin. Ni ina da ɗiya ƙanana. Ban shiga gidan da anka yi ma asiri, gara bukkata." Ban ga laifinsa ba. Duk mun san gidajen da aka haƙa aka tarar da ƙaho ko tukunya a ɗaure, kuma mun san ba wanda zai ƙara taya gidan in wannan magana ta fita kasuwa. Na ce ya ba ni lokaci, kafin ya gama cin goron da ke hannunsa zan dawo.

Na koma ni kaɗai na ratsa ta bayan ɗakin. Ɗan lungu ne tsakanin bangon ɗaki da katanga, mutum ɗaya ne zai wuce. Bayan ɗaki a kowane gida nan ake jibge toka da fasassun ƙore, nan kaji ke barbaɗa. Wannan kuwa a share yake tas, har sawun tsintsiya na safiyar ranar yana nan. A tsakiya ƙasa ta ɗan tasa, tsawonta bai wuce kamu da rabi ba, kwance kudu da arewa, an kifa rabin tukunya a gefe guda ta nutse don daɗewa. Tsohuwar rariyar tana daidai ƙafafunsa. Ban bukaci kowa ya gaya mini ba. A ƙasarmu yaron da ya koma tun yana jariri ba a cika kai shi maƙabarta ba, a gida ake sa shi, kusa da ɗakin uwarsa.

Na zo ƙofar ɗakin na durƙusa. Na gaishe ta, ta amsa, na tambayi jiki da ƙafa da haƙurin rashi, duk ta amsa. Sannan na rage murya na ce, "Inna, na ga mai kwana bayan ɗaki."

Ina jin numfashinta ta cikin asabari. Can ta ce, "Ka gan shi."

"Baba Ilu bai sani ba?"

"Ilu na goye sa'ad da anka yi. Bai kai yaye ba, yaron. Daminar da anka sa shi, na hito da sahe na iske ruwa na bi ta kanshi. Ban ce kome ba. Maigidan ya gan ni tsaye, ya ɗauki dutse ya toshe rariya da hannunshi. Kowace shekara shi ka yaɓe gindin ɗakin ga, bai taɓa ce mani ya gaji ba."

Na ce, "Mi ya hana ki hwaɗa masu, Inna? Ga mutum na shirin tahiya, yana zaton asiri ne."

Ta ce, "Na hwari ne, ɗan nan. Da wane baki?"

Kun san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zancensa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ƙuna. Wasu in sun tsufa sukan sassauta, amma Inna Hajo irin matan dā ce, kunyar da ta ɗauka tana yarinya ba ta sauke ba, ko da yake wanda ake jin kunyar ya daɗe a ƙasa. Ta gwammace a kira ta mai asiri, ta rasa tasoshinta, da ta buɗe baki ta ce ɗana. Kuma ba sayar da gida ne ya dame ta ba. So take ta bar shi a hannun mai rai, kada kango ya rufta masa, awaki su riƙa tattaka shi. Tausayinta ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma Jatau ne ya kira ni, gaskiya hakkinsa ce, sirrin kuma nata ne. Na ce, "Inna, in hwaɗa mashi?"

Ta ce, "Kai magini ne. Abin da ka gani cikin gida shi anka kira ka ka hwaɗi."

Na samu Jatau a zaure na gaya masa kome, Baba Ilu yana ji. Ban ƙawata ba, ban kuma roƙe shi ba, domin roƙo ba ya cikin aikina. Akwai mutane da yawa da ba sa son gida mai kushewa, kuma da ya ce ya fasa ba mai zarginsa. Baba Ilu ya sunkuyar da kai yana ta salati, shi da ya girma a gidan bai san yana da ɗan wa a bayan ɗaki ba. Jatau ya tashi ya shiga, muka bi shi. A bakin lungun ya tuɓe takalmansa, ya shiga a karkace domin mutum ne mai jiki, ya tsaya ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Da ya fito sai ya ce mini, "Ni mahauci ne, Magini. Ruwan da ka hita gidana ba na sama ba ne kaɗai. Nan za a wanke tumbi, nan za a wanke wuƙa. Da mun buɗe rariyar, ta kanshi duk za ya bi." Ya goge fuska da hannun riga ya ce, "A bi hanyar jakuna."

Kada ku ɗauka daga nan ciniki ya ƙare. Jatau Jatau ne, mutumin da ke auna tsoka da ido ba a cutarsa. Muka koma rumfa aka buɗe sabon shafi. Ya ce gindin ɗaki aibi ne da ya riga ciniki, shi kam ba zai ɗauka ba. Na ce gaskiyarsa, Baba Ilu ya yi 'yan ƙunƙuni ya rage masa abin da zai isa a ɗaure gindin. Cikon tsakar gida kuwa na ce wannan ba aibi ba ne, zaɓi ne, sai yadda suka shirya. Jatau ya ce jakunan abokan sana'arsa za su kwaso marmara, abincin masu aiki kuma daga tukunyarsa. Saura ladana. Na riga na hango wasu azara a jingine bayan rumbu, waɗanda marigayin ya tanada bai kai ga amfani da su ba, na ce su sun ishe ni. Baba Ilu ya so ya ce sun fi ƙarfin aikin, na ce ya zo ya daɓe tsakar gidan da kansa ya gani. Aka yi dariya, aka wuce wurin.

Inna Hajo ta sa aka fito da tasoshin duk da haka, aka jawo akuyar. Jatau ya ce tasa ta bi mai ita Safana. Ta ce to akuyar fa, ya ce ita ma. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba tun da nake, mahauci ya ƙi akuya, ga ta kuwa da ƙiba.

Sai ya matsa kusa da asabarin ya durƙusa ya ce, "Inna, abu guda ni ka roƙo. Yaron ga yanzu cikin gidana za shi kwana, cikin ɗiyana. In na yi sadaka ran Juma'a, ko na roƙa mashi rahama, wa za ni ce?"

Ba a amsa ba. Ya jira, ya sake tambaya a hankali, shiru. Ya dubi Baba Ilu, shi kuwa ya girgiza kai. Daga baya da 'yar ta zo aka tambaye ta, ta ce ta dai taɓa jin an ce tana da wa, amma ba a taɓa kiran sunansa a gabanta ba. Waɗanda suka ci goron sunan duk sun mutu. A duniya mutum ɗaya ya rage da ya san sunan yaron, ita ce kuma ba ta iya faɗa. Jatau bai matsa ba. Aka kira shaidu da wakilin mai gari, Baba Ilu ya ce ya sallama, aka shafa fatiha, aka raba goro.

Aikin ya ci mu ƙwarai, muna yi muna kallon gabas. Jakuna suna kawo marmara, muna bazawa, matan unguwa suka zo da madaɓai suka daɓe da waƙa. Na ɗaure gindin ɗakin da dutse, na fasa sabuwar rariya kusa da zaure na shimfiɗa mata fale-falen duwatsu. Ɗan dakalin da marigayin ya gina ban taɓa shi ba, sai ma na ƙara masa yaɓe. Duk kwanakin nan tsohuwar ba ta fito ba sai in mun tashi. Da muka gama na juye tulu a tsakar gida, ruwan ya yi ɗan jim, sannan ya juya yamma ya fice. Na ga asabarin ya motsa, na san ta gani.

Ranar tafiya da hantsi surukin ya zo da jakuna. Aka ɗaura gado da tukwane da tasoshi, akuya tana ta kuka a igiya. Matar Jatau da yaranta suna tsaye a zaure da ƙullin kayansu, suna jira mai gida ta fita kafin su shiga. Inna Hajo ta fito lulluɓe, 'yar ƙaramar tsohuwa, ashe duk muryar nan a wannan jikin take. Ta ɗauki tsintsiya ta zagaya bayan ɗaki. Ba wanda ya bi ta, muka juya baya muna zancen ruwa da shuka. Da ta dawo ta miƙa wa matar Jatau tsintsiyar, ta yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, ta ce mini Allah ya yi albarka, aka ɗora ta a kan jaki.

Har sun fara tafiya ta ce a tsaya. Ta ce, "Ina mahaucin?"

Jatau ya matso ya kama igiyar jakin ya ce, "Ga ni, Inna."

Ba ta dube shi ba, kunnen jakin take kallo. Bakinta ya motsa ba abin da ya fito, ta haɗiye, ta sake. Ina kusa, na ji da kunnena.

Ta ce, "Isiyaku."

Jatau ya ce, "Isiyaku."

Ta ce, "Haka ne." Ta ja lulluɓinta ta rufe fuska, surukin ya kora jakin suka kama hanyar Safana.